An ceci rai, wa zai mayar da mutum kan sana'arsa?

A ƙasar nan, da zarar mutum ya tsira da ransa, asibiti ya gama nasa. A rubuta masa magani, a ba shi ranar dawowa, dangi su tallabe shi zuwa tasha. Ko zai iya sa riga da kansa, ko zai iya tsugunawa a ban-ɗaki, ko hannun nan zai sake riƙe hauya ko almakashi, duk wannan ba ya cikin takardar sallama, kuma babu ma'aikacin da aka ɗora wa alhakinsa. Ban ga laifin likitocinmu da malaman jinya ba. Abin da aka koya musu suke yi, cikin cunkoso da ƙarancin kayan aikin da kowa ya sani. Amma akwai wani aiki da ke farawa daidai inda nasu ya tsaya, kuma a ganina lokaci ya yi da Nijar za ta horar da masu yin sa, ta horar da su a nan gida, ta tura su ƙauye da kasuwa maimakon ta killace su a manyan asibitocin Yamai.

Ergoterapi nake nufi. Mutanenmu da dama sun san kine, mai motsa gaɓɓai da koya wa mutum tafiya bayan karaya ko shanyewar jiki. Malamin ergoterapi ɗan'uwansa ne a aiki, amma tambayarsu ba ɗaya ba ce. Kine zai so ya san har ina gwiwar nan take lanƙwasuwa. Shi kuwa zai tambaye ka: daga asuba zuwa isha'i me da me kake yi, kuma wanne ne ya gagare ka yanzu? Daga amsarka yake tsara magani. Wani lokaci ya horar da hannun da aikin da ya saba, wani lokaci ya canja yadda ake yin aikin, wani lokaci kuma kayan aikin ko gidan kansa zai gyara. Sana'ar ta kafu a Amurka a 1917, ta bunƙasa wajen kula da sojojin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya naƙasa, masu yin ta kuma suna da ƙungiyarsu ta duniya tun 1952.

A unguwarmu a nan Tawa akwai wani dattijo, tela ne, da yawanmu shi ya ɗinka mana kayan salla muna yara. Hawan jini ya kayar da shi, ɓarin dama ya shanye. An yi ƙoƙari, ya tashi, har yana takawa da sanda. Kowa ya ce alhamdu lillahi, kuma abin godiya ne. Amma wanda ya shiga gidan ya zauna zai ga abin da mai gaisuwa daga ƙofa ba ya gani. Mutumin da ya saba cin abinci a zaure, kwano ɗaya da ƴaƴansa da yaran shagonsa, yanzu a ɗaki yake ci shi kaɗai, domin hannun hagu kawai ya rage masa kuma ba zai iya zura shi a kwanon jama'a ba. Wannan hannun dai shi ne na tsarki. Masai na tsuguno ne, ƙafa ɗaya ba ta ɗaukarsa, sai jikansa ya riƙe shi. Saboda kunyar haka ya rage shan ruwa, a garin da zafin watan Afrilu ke kai mutum ƙasa, don kada buƙatar fita ta yawaita. Uwargidansa, saboda tausayi, ita ke sa masa riga, ita ke ba shi fura a baki. Keken ɗinkin yana rufe da zane. Na ce masa, “Baba, ai jiki ya yi sauƙi, ga ƙafa tana takawa.” Ya dube ni ya ce, “Ɗana, ƙafa ta taka. Amma wanda jikansa ke riƙe masa buta bai warke ba.”

Babu abu ɗaya a cikin waɗannan da ke buƙatar na'urar da za a sayo daga waje. Kujera mai rami a tsakiya da za a ɗora kan masai, kafintan bakin kasuwa zai haɗa ta. Ƙarfe a jikin bango da zai kama ya miƙe, aikin mai walda ne. Cokali, idan aka naɗe mariƙinsa da robar tayar keke har ya yi kauri, hannun daman da ya raunana yakan iya riƙe shi, kuma kowace loma horo ce ga hannun. Riga tana da dabarar sa ta: a fara zura hannun da ya shanye, sannan mai lafiyar. Tazuge a maye shi da roba. Shago kuwa ba dole ya mutu ba, yaro ya yanka, shi ya auna ya duba ɗinki, ya taka keken da ƙafar da ke aiki. Abin da ya fi duka wuya shi ne a zaunar da iyali a fahimtar da su cewa yi masa komai cutar da shi ne. Bayan shanyewar jiki ƙwaƙwalwa tana sake koyo ne ta hanyar maimaici, kuma watannin farko su ne suka fi albarka. Hannun da aka bari kwance yakan ƙage, kafaɗar da ake ja don a tayar da mutum takan goce ta zama ciwo na dindindin. Iyalin nan ba mugunta suka yi ba. Babu wanda ya taɓa zuwa gidan ya nuna musu. Mun yi kamar wanda ya ciro mutum daga rijiya, ya ajiye shi a bakinta ya yi tafiyarsa.

Wannan ne ya sa na nace a kan horarwa a gida. Littattafan wannan fanni an rubuta su ne a ƙasashen da mutum ke kwana a gado, ya ci abinci a tebur da cokali mai yatsu, ya zauna a kan masai kamar kujera. Mu a tabarma muke zama, daga ƙasa muke tashi, da hannu muke ci, da guga muke jan ruwa. Sau biyar a yini muna ruku'u da sujada. Matar da hatsarin mota ya raba ta da hannu ɗaya, tambayarta ita ce yadda za ta goya jaririnta, yadda za ta yi daka, yadda za ta tuƙa tuwo tukunya ba ta kife ba. Makiyayi a Abalak ko Cintabaraden da aka yanke wa ƙafa, a bukka yake kwana kuma gobe zai tashi da dabbobinsa. Ɗalibin da bai taɓa zama a tsakar gidan ƙauye ya ga yadda yini ke gudana ba, ko da ya haddace sunan kowace tsoka, ba zai iya amsa waɗannan tambayoyi ba. Dole kuma ya ji harshen mutanen, Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko harshen Abzinawa, saboda maganar tsarki da shimfiɗa ba ta yiwuwa ta bakin tafinta. Dole a ɗauki mata da yawa, tun da dattijuwa ba za ta faɗa wa saurayi abin da ke damunta a ban-ɗaki ba. Ya kamata ma ya san sauƙin da addini ya yi wa mara lafiya, salla a zaune da taimama, ya san lokacin da zai ce a kira liman ya kwantar wa mutum da hankali.

Masu buƙatar ba kaɗan ba ne. Ƙidayar 2012 ta nuna kashi 4.2 cikin 100 na ƴan Nijar suna da naƙasa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta kashi 16 cikin 100 ga duniya baki ɗaya, kuma duk mun san gidajen da ke ɓoye yaron da bai iya zama ba idan baƙo ya shigo. Hukumar ta kuma ce mutum biliyan 2.4, wato kusan ɗaya cikin uku a duniya, suna da larurar da aikin farfaɗo da gaɓɓai zai amfana. A wajenmu hanyoyin naƙasa sanannu ne. Ga hatsarin kabu-kabu kullum. Ga sanƙarau, wanda a 2015 ya kama mutum sama da 8,000 a ƙasar nan, kuma cikin waɗanda ke tsira daga gare shi akwai masu tashi da kurumta ko raunin gaɓɓai. Ga zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwar yara, ga doguwar naƙudar da ke hana jariri numfashi a kan lokaci, ga waɗanda rashin tsaro ya jikkata a arewacin jihar Tawa.

Sai ƙuna. Duk lokacin ɗari yara na faɗawa wutar da aka hura don jin ɗumi, ko su tsoma hannu a kunu mai zafi. A naɗe hannun da tsumma, yatsu a haɗe, yaron ya dunƙule shi saboda zafi. Ciwo ya warke, amma tabon ya ja fata, hannun ya zauna a dunƙule. Daga nan sai tiyata, sai tafiyar fiye da kilomita 500 zuwa Yamai, inda asibitin yara na CURE ke irin wannan gyara tun 2010, idan iyayen suna da halin tafiyar. Da tun makon farko an raba yatsun wajen ɗauri, an sa madogarin da zai riƙe hannun a buɗe, an nuna wa uwar yadda za ta riƙa miƙar da shi kullum, da yara da yawa ba su kai ga wuƙa ba. Yin irin wannan madogari yana cikin abubuwan farko da ake koya wa malamin ergoterapi.

Ɓangaren da aka fi mantawa shi ne wurin aiki. Muna da dokar ƙwadago ta 2012, muna da sufetocin aiki, muna da CNSS mai biyan diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Amma wannan rumfa ta rufe mai albashi ne, irin ma'aikacin kamfanin siminti na Malbaza ko na banki. Fiye da tara cikin goma na masu neman abinci a Nijar ba su da takardar albashi. Ka je tashar lodin albasa a Galmi ko Tsarnawa lokacin kaka ka tsaya. Mutum biyu za su ɗaga buhu mai hula, wato mai ƙarin albasa a samansa, wanda kan haura kilo 100, su ɗora wa na uku a wuya, ya bi katako ya hau da shi cikin babbar mota, ya sauko ya sake, daga safe har rana ta faɗi. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada nauyin da namiji baligi zai ɗauka shi kaɗai ya wuce kilo 55. Ƴan dakonmu ninkin haka suke ɗauka, kuma idan baya ya ƙi, babu diyya, sai ƙwayar kashe zafi daga mai tallan magani a tire. Ka duba mai walda da tabaran rana na kasuwa a fuska, ko babu komai, da dare ido na yi masa kamar an zuba yashi. Ka duba manomi a garka yana feshin maganin ƙwari ba takalmi, iska na maido masa a fuska. Ka duba samarinmu da suka tafi haƙar zinariya tun da aka gano ta Jado a 2014, wasu suka dawo da tarin da ƙurar dutse ke haddasawa, wanda ba ya warkewa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara saboda hatsari ko cutar da aiki ya jawo, kuma a 2022 ta sa lafiyar wurin aiki cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikaci. Ma'aikaci kuwa har da ɗan dako.

Ba na cewa malamin ergoterapi zai maye gurbin likitan ma'aikata ko sufeton aiki. Auna guba a jini da rufe wurin da ke kashe mutane aikinsu ne. Nasa shi ne ya kalli yadda jiki ke haɗuwa da aiki: tsayin teburin tela, tsawon ƙotar kayan noma, yadda ake ɗaga kaya, inda za a sa hutu. Kuma idan rauni ya riga ya faru, ya nemo wa mutum hanyar komawa sana'arsa ko wata da ke kusa da ita, kafin ya yanke ƙauna ya ɗauki ƙoƙon bara. Kasuwa ba a shigarta da takardar ofis. Ta hannun sarkin maƙera ake bi, da sarkin fawa, da shugaban ƴan dako, da ƙungiyoyin manoman albasa. Maganar rage girman buhu, misali, manomi ma yana da riba a ciki, domin shi ake cuta da hular nan da ake ɗorawa kyauta. Wanda zai iya haɗa lafiyar bayan ɗan dako da aljihun manomi a zama ɗaya, shi za a saurara. Wannan kuma ba a koyon sa a aji, sai an kai ɗalibi kasuwa ya yi watanni.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba maganar banza ba ce. Ƙasar da ungozoma ba su ishe ta ba, ƙasar da zazzaɓi ke kwashe yara duk damina, ina ta ga kuɗin sabon fanni? A fara da ceton rai tukuna. Na yarda ceton rai ne farko. Amma a yi lissafin har ƙarshe. Magidanci ɗaya idan ya kwanta, ba shi kaɗai ya kwanta ba. Matarsa ta bar sana'arta, a cire yarinya daga lakwal ta zauna jinya, a sayar da akuya, a sayar da gona, yaran shago su watse. A jiha irin tamu, inda maza da yawa ke ci-rani a Abijan ko Libiya ko Najeriya, sau da yawa mace ɗaya ce ke riƙe da gida, idan hannunta ya tsaya komai ya tsaya. Kuɗin da gwamnati da dangi suka kashe wajen tiyata da magani, rabinsa ya tafi a banza idan mutumin ya koma gida ya zama kaya. A 2024 hukumomi sun rage kuɗin asibiti da rabi, talaka kuma ya ji sauƙin hakan a jikinsa. Amma ragi yana amfani ne a kan aikin da ake yi. Wannan aikin sai an fara samar da mai yin sa.

Ba kuma daga sama za mu fara ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008. A watan Mayun 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin da ke kiran ƙasashe su sa farfaɗo da gaɓɓai cikin tsarin lafiyarsu tun daga matakin farko. Littafin jagoran yin wannan aiki a cikin al'umma ma a maƙwabta aka ƙaddamar da shi, a Abuja, a 2010. Tsanin lafiyarmu kuma yana nan: ɗakin shan magani na ƙauye, CSI wato ƙaramin asibitin gari, asibitin gunduma, asibitin jiha, ga kuma wakilan lafiya na gari da ke shiga gida-gida. Ba zai yiwu a sa ƙwararre a kowane CSI ba, kada mu yaudari kanmu. Abin da zai yiwu shi ne kowane asibitin gunduma ya samu aƙalla mutum ɗaya, da babur da man zagaye, ya koya wa majo, wato shugaban CSI, da wakilan gari abubuwan farko: yadda ake kwantar da wanda ya shanye, yadda ake ɗaure hannun da ya ƙone, yadda ake zaunar da yaron da wuyansa bai tsaya ba don ya ci abinci bai shaƙe ba. Abin da ya fi ƙarfinsu su turo masa.

Wasu ƙasashen Afirka sun riga mu, kuma ba da daɗewa ba. Gana ta fara koyar da fannin a jami'a a 2012, Ruwanda a 2014, Maroko a 2017. Najeriya tana da makarantarsa a Oshodi da ke Legas. Mu ma muna da inda za a dasa shi, ga makarantar lafiya ta Damure Zika a Yamai, ga ta Damagaram, ga tsangayar lafiya ta Jami'ar Abdu Mumuni. Idan ɗaukar nauyin ya yi wa ƙasa ɗaya yawa, tun da mun haɗa kai da Mali da Burkina Faso, makaranta ɗaya za ta iya isar ukunmu a farko. Abin da nake roƙo kawai shi ne kada gwajin aiki ya tsaya a ɗakunan asibitin ƙasa. A kawo ɗalibai Adar su zauna, su yi aiki da kafintoci da maƙera. A cikin naƙasassunmu akwai masu ƙera keken guragu da hannunsu, sun fi kowa sanin inda kujera ke cin mutum, su ma malamai ne, a biya su su koyar. Ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa kuma ta zauna a teburin da za a tsara manhaja tun daga ranar farko.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne a buɗe makaranta kafin a buɗe gurbin aiki. Mun ga yadda yaranmu ke gama karatun jinya su shekara suna aikin sa-kai a CSI ba ko dala, har su gaji su koma kasuwanci. Mun kuma ga foroje iri-iri da suka zo da motoci da kayan aiki, wa'adi ya cika, aka kulle ɗaki da kayan a ciki. Ƙungiyoyin agaji za su iya taimakawa da malamai da kuɗin karatu, kuma mun gode, amma albashi na ƙasa ne. Saboda haka matakin farko a ofis yake: ma'aikatar lafiya da ta ma'aikatan gwamnati su rubuta wannan sana'a cikin jerin ma'aikatan lafiya, da matakinta da albashinta, CNSS kuma ta amince ta biya kuɗin aikin ergoterapi ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Bayan haka a zaɓi rukunin farko, a cikinsu har da malaman jinya da kine da suka riga suka san karkara, a tura su karatu da sharaɗin dawowa su koyar. Karatun shekara 3 zuwa 4 ne. Kafin su gama, a riga an ware musu gurabe a kasafin kuɗi da sunan Madawa, Ƙonni, Buza, Keita, Illela da Abalak.